Shimi a Tafin Hannu

Duk wanda ya bi lise har ya kai tarminal ya san yadda ake zana metan a allo: harafin C a tsakiya, H huɗu kewaye da shi, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya dama, ɗaya hagu, kamar mararrabar hanya. Mun kwafe shi cikin kaye, mun haddace, mun zuba shi ranar bak, an ba mu makinmu. Sai ka shigo shekarar farko ta jami'a a ce maka kusurwar da ke tsakanin H da H digiri 109,5 ce. Ka dubi zanenka, ka ga 90 ƙiri-ƙiri. To wa ke da gaskiya? Malam ya ce ka ɗauka ɗaya sandar ta fito wajenka, ɗaya kuma ta nutse bayan allo, ya zana ɗaya da baƙin tsini, ɗaya da ɗige-ɗige, ya ce wannan shi ne zanen Cram. Kowa ya gyaɗa kai. Amma in za mu faɗa wa juna gaskiya, ƴan uwa ɗalibai, nawa ne cikinmu suka ga abin da idon zuci a wannan ranar?

Ba laifin malam ba ne, ba kuma taurin kanmu ba ne. Allo shimfiɗaɗɗe ne, takarda ma haka, a Yamai ko a Paris. Molekil kuwa yana da gaba da baya, yana da gefe, yana da ƙoƙo da tudu, kuma duk abin da yake yi a duniya da wannan siffa yake yin shi. Wanda bai ga siffar ba, sai hadda. Hadda kuwa tana kai mutum wani wuri, amma a shimi organik nan take tsayawa. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa, waɗanda suka zo da bak mai kyau daga Damagaram ko Tawa, sun maimaita shekara saboda wannan darasi ɗaya. Wanda ya san abin da iyaye ke saidawa kafin su aiko ɗa Yamai ya san maimaita shekara ba wasa ba ne.

Mu biyar ne muke bita tare, a wata fada ta Harobanda, bayan sallar isha'i, ga shayi bisa gawayi. Wani ɗan ajinmu ne, bamaraɗe, ya ɗauki lemun tsamin da aka sayo don shayin, ya soka masa tsinken sakace huɗu, ya ce to ga metan ɗinku, ku nisanta tsinkayen nan da juna iyakar iyawarku. Muka yi ta jujjuya su. Ka sa huɗun a jere kamar na allo, sai ka ga sama da ƙasan lemun fili ne babu kowa, alhali tsinkayen suna matse da juna. Ka ɗaga ɗaya ya kalli sama, ukun su buɗe ƙasa kamar duwatsun murhu, sai kowane ya samu sarari. Shi ke nan fa. Abin da muka yi wata biyu muna karantawa da sunan ƙa'idar Gillespie, ga shi a hannu cikin minti biyar, yana ƙamshin lemu.

Daga baya muka samu dabarun da suka fi wannan daidai. Ka yanka sabulun wanki ya zama kub, ka soka tsinke a lungu huɗu, kana tsallake ɗaya kana sokawa a ɗaya, kowane ya nufi tsakiya: kusurwar da za ta fito ita ce 109,5 ɗin nan, ba sai da ma'auni ba. Ko ka hura balan-balan huɗu masu girma ɗaya ka ɗaure bakinsu wuri guda, da kansu za su ture juna su ɗauki siffar. Ka fasa ɗaya, ukun su baje su zama 120. Ka ƙara fasa ɗaya, biyun su miƙe 180. Yaran unguwa sun fi mu jin daɗin wannan darasin.

Wani zai ce wannan wasan yara ne, ba kimiyya ba. To ya saurara. A 1865 wani Bajamushe, August Wilhelm von Hofmann, ya yi lacca a Landan da ƙwallayen wasa na katako da ya haɗa da sanduna. Launukan da ya zaɓa, baƙi na karbon, fari na idrojan, ja na oksijan, shuɗi na azot, har yau da su ake aiki. Abin dariya, metan ɗinsa shi ma shimfiɗaɗɗe ne, irin namu na lise. Sai a 1874 wani saurayi ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, yana da shekara 22, da wani Bafaranshe Le Bel, kowa a nasa ɓangaren, suka ce a'a, hannuwan karbon huɗu suna nuni ne zuwa lungunan tetrayedir. Van 't Hoff ya yanka kwali ya manna, ya aika wa manyan masana ƙananan siffofi su taɓa da hannu. Wani babban farfesa mai suna Kolbe ya yi masa ba'a a rubuce, ganin yaron a makarantar likitan dabbobi yake koyarwa. A 1901, da aka fara ba da kyautar Nobel ta shimi, van 't Hoff aka ba, ko da yake don wani aikin nasa ne daban.

Hujjarsu ma kana iya gwada ta yanzu. Ɗauki lemunka, ka soka gyaɗa a bakin tsinke biyu, magarya a bakin biyu. Wannan shi ne CH2Cl2. Da a shimfiɗe yake, da iri biyu za a samu: wanda magaryun ke maƙwabtaka, da wanda suke fuskantar juna. Amma a labo iri ɗaya tak ake samu. Yanzu sake wa gyaɗa da magarya wuri yadda ka ga dama a kan tetrayedir ɗinka, ka juya shi, za ka tarar abu ɗaya ne kullum. Ni wannan ne ya fara sa na ji cewa shimi ba labari ba ne da ake ba mu don mu yarda. Hujja ce da kai ma za ka iya bi da yatsunka.

In kuma ka sa abu huɗu daban-daban, gyaɗa, magarya, aduwa da dabino, sai wani abu ya ɓullo. Yi guda biyu, ɗaya ya zama hoton ɗaya a madubi. Duk juyin da za ka yi, ba za su taɓa hawa kan juna daidai ba, kamar takalmin dama da na hagu. Wata ƴar ajinmu ta yi kusan rabin awa tana juya su, ta rantse sai ta daidaita su, daga ƙarshe ta aje ta ce da Zabarmanci abin da ba zan rubuta a nan ba. Pasteur ya ga irin wannan tun 1848, yana tsince ƙwayoyin gishirin tartarat na dama da na hagu da ɗan hantsaki. Kuma ba abin nesa ba ne. Ƙamshin na'ana'ar da muke sa wa shayi daga wani molekil yake, karvon. Tagwayensa na madubi, atom ɗaya, ɗauri ɗaya, ba ya ƙamshin na'ana'a sam, ƙamshin wata ƙwaya yake da Turawa ke barbaɗa wa burodi. Hancinka ya san dama da hagu tun kafin ka ji sunan kiralite.

Amma inda na fi son mu daɗe shi ne abin da ke faruwa tsakanin molekil da molekil, don a nan ne allo ya fi gazawa. Ruwa dai H2O ne, kowa ya sani. Oksijan yana da wuri huɗu kamar karbon, biyu na idrojan, biyu kuma tagwayen elektaron ne da ba su kama kowa ba. Waɗannan tagwaye sun fi cin wuri, sai suka matse kusurwar ta koma 104,5. Saboda wannan lanƙwasa, gefen oksijan ya ɗan yi negatif, gefen idrojan ya ɗan yi pozitif, sai idrojan na wannan ya riƙa jingina da oksijan na wancan. Shi ne ɗaurin idrojan. Ba shi da ƙarfi: wajen kilojul 20 a kowane mol, alhali ɗaurin O da H na cikin molekil ya kai wajen 460. Amma dubi aikinsa. H2S, ɗan uwan ruwa wanda ya fi shi nauyi, yana tafasa a wajen digiri 60 ƙasa da sifiri, don shi ba ya wannan kamun sosai. Da ruwa haka yake, da kogin Kwara iska ne.

Tsinke bai dace da wannan ɗauri ba, don tsinke ba ya saki. Mun gwada zare, mun gwada robar ɗaure kuɗi. Daga ƙarshe jikinmu muka sa. Kowa ya zama molekil ɗin ruwa: hannuwanka biyu su ne idrojan, kafaɗunka biyu su ne tagwayen elektaron. Doka ɗaya ce, hannu kafaɗa yake kamawa, hannu ba ya kama hannu. (Mata suka yi nasu da'irar, maza tamu, kada wani ya kai ƙara gida.) In ruwa ne, ka kama, ka saki, ka kama wani, kuna cuɗanya kamar masu neman shiga bas. In aka ce ƙanƙara, kowa ya miƙe hannu ya kama biyu, biyu su kama shi, ba motsi. Nan take sai ka ga taron ya faɗaɗa, fili ya buɗe a tsakani. Ga dalilin da ya sa ledar ruwa ke kumbura a firiza, ga dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo saman kofi: girmanta ya ƙaru da wajen kashi 9 cikin ɗari, nauyin bai ƙaru ba. Kuma in ɗaya yana son ya fice ya zama tururi, dole ya ƙwace daga duk masu riƙe da shi, ƙwacewar nan kuwa zafi take ci, fiye da kilojul 2000 a kowane kilo na ruwa. Randar da ke zufa a inuwa cikin watan Afrilu, da wannan take sanyaya ruwa. Matan Bubon da ke gina tukwane ba su taɓa zama a amfi ba, amma sun san irin yumɓu da irin gashin da ke barin randa ta yi numfashi.

Na mai kuwa da waya muka yi shi, irin wadda yara ke ƙera mota da ita. A kasuwar Katako muka samo. Asid isteyarik karbon 18 ne a jere, asid oleyik ma 18 ne. Bambancinsu ɗauri biyu guda ɗaya a tsakiyar oleyik, wanda ya karya sarƙar ta yi gwiwa. Lanƙwasa waya goma zigizag a miƙe, ka tara su: za su kwanta jikin juna kamar tsintsiya. Yi wasu goma masu gwiwa, ka ce za ka ɗaure su: sai tsalle-tsalle, ba sa haɗuwa. Inda jiki ya taɓa jiki da yawa, jan van der Waals ya yi yawa. Shi ya sa isteyarik ba ya narkewa sai wajen digiri 69, oleyik kuwa wajen 13 ya riga ya zama ruwa. Man kaɗe yana da isteyarik da yawa, ga shi a daskare cikin ƙwarya. Man gyaɗa oleyik ya fi yawa a cikinsa, ga shi a kwalba. Na san wannan a rubuce tun tuni, amma ranar da wayoyin nan suka ƙi ɗauruwa a hannuna ne na daina buƙatar tuna shi, don ya zauna.

Wanda ya fi taɓa ni, karan gero ne. Mun koma amfani da ɓargon kara don lemu yana ruɓewa bayan kwana kaɗan, kuma masu shayi sun fara ƙorafi. Ɓargon kara yana yankuwa da reza, yana karɓar tsinke, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya yi motar kara da shi. Da shi muka gina zoben gulukoz, wanda a takarda ake zana shi kamar faranti, alhali a gaske siffar kujerar malam-na-kwance gare shi. Ka murɗa shi kaɗan ya koma kwale-kwale, ka ji da hannunka yadda idrojan biyu ke gware a sama, ka gane mi ya sa molekil ya fi son kujera. A karbon na farko akwai OH. In ya kalli ƙasa, alfa ne. In ya kalli sama, beta ne. Jera alfa da alfa, sarƙar ta riƙa naɗewa: amidon ke nan, garin tuwo da fura. Jera beta da beta, kowane zobe ya kife bisa na gabansa, sarƙar ta miƙe sambal, ta manne da ta kusa da ita da ɗaurin idrojan: selüloz ke nan, wato karan da ke hannunka. Sukari ɗaya ne a zangarniya da kara. Yawun bakinmu da hanjinmu alfa kawai suka iya yankawa. Saniya tana cin kara don tana da ƙananan halittu a tumbinta masu yanka beta. Wato a shekarar da damina ta yi gardama, gona ta ba da kara ba ta ba da tsaba ba, gulukoz na nan tuli a tsaye cikin gona, mutane na kwana da yunwa, saboda OH ɗaya ya kalli sama maimakon ƙasa. Ban san wani zane a allo da zai sa ɗan manomi ya yi shiru kamar yadda muka yi a daren nan ba.

Haka ma ciwon drepanositoz, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa sikila. Kusan kowa cikinmu ya san gidan da yake. Sarƙar beta ta emoglobin tana da asid amine 146. Na shida ne kawai ya sauya, gulutamik mai son ruwa ya ba valin mai gudun ruwa wuri. In oksijan ya yi ƙaranci, valin ɗin nan sai ya nemi maɓoya, ya shige wani ɗan ƙoƙo a jikin emoglobin na kusa, wancan ma ya shige na gaba, su yi doguwar igiya mai tauri har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe jijiya. Da yumɓu muka kwatanta shi: dunƙule mai ɗan tsini a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Ka yi guda shida ka ga yadda suke sarƙewa da kansu. Linus Pauling, wanda a 1949 ya nuna cewa ciwon daga molekil yake, shi ma mutumin hannu ne: a 1948 yana kwance da mura a Oxford ya zana sarƙar furotin a takarda ya yi ta naɗe ta har siffar elis alfa ta fito masa. Watson ma da kwali ya yanka A, T, G da C a 1953, yana tura su bisa tebur har ya ga wanne ke kama wanne, bayan hotunan Rosalind Franklin sun nuna hanya.

Akwai abin da na lura da shi wanda ba na shimi ba ne. Muddin kaye ne a gabanmu, Faransanci muke yi, kuma jimlolin malam muke maimaitawa. Da zarar abu ya shigo hannu, sai harshe ya sauya: "juya shi", "wannan ya kama wancan", "ba ya shiga, ya yi gwiwa". Hausa, Zabarmanci, duk a cakuɗe. Kuma wanda ya iya faɗin abu da harshen gidansu, shi ne wanda in an juya tambayar ranar jarrabawa ba ya rikicewa. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi wannan magana tun 1964 cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa da harsunanmu. Kuma shi masanin fizik ne da bai tsaya a alli ba, ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da hasken rana. Ina jin da ya ga lemunmu da tsinke ba zai yi dariya ba.

Na san akwai manhajoji a salula da ke juya molekil da yatsa, kuma suna da kyau, ina amfani da su in akwai kuɗin intanet da caji. Akwai kuma akwatunan roba na Turai masu ramuka a daidai kusurwa, ga wanda aljihunsa ya kai. Sai dai a salula an riga an gina maka, kai kallo ne naka. A akwatin roba ma ramin ne ke yi maka tunani. Da ɓargon kara kuwa kai za ka yanke shawarar inda tsinke zai shiga, in ka sa ba daidai ba na kusa da kai ya ce maka bai yi ba, ku yi gardama. Ni a ganina gardamar ce darasin.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Atom ba lemu ba ne, ba shi da ɓawo. Ɗauri ba sanda ba ne, gajimaren elektaron ne. Molekil na gaske ba ya tsayawa cik, kullum cikin rawa da karo yake, kuma yawancinsa a cikin ruwa yake iyo, abin da kara ba ya nunawa. Lissafin termodinamik ma ba za ka soka shi da tsinke ba, dole ka zauna da bik. Benzen ya ba mu kunya ƙwarai: tsinke ɗaya bai yi ba, biyu sun yi yawa, don ɗaurinsa shida duk tsawonsu ɗaya ne, tsakanin guda da biyu. Wani ya kawo shawarar zoben waya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su zama elektaron ɗin da ke zagaye. Ya fi babu, amma har yanzu ba mu gamsu ba.

Wanda zai gwada, ga abin da muka koya da asarar kaya. Yumɓu ya fi daɗewa, amma ka huda ramukan tun yana ɗanye, in ya bushe sai fashewa. Tsinken tsintsiyar kaba ya fi na sakace, don kana yanka shi tsawon da kake so, kuma yana ɗan lanƙwasa in kana son ɗauri biyu. Ɓargon kara ka aje shi cikin gwangwani mai murfi. Gulukoz ɗinmu na farko a ƙasan gado aka bar shi lokacin hutu, da muka dawo gara ta cinye shi tas, ta bar mana tsinkaye. Ita ta iya yanka beta.